Kwalbar da Aka Manta a Taga

Kwalbar fitsarin Juwairiyya ta yi awa biyar a kan tagar wani asibiti a Gusau, domin mai awo ya tafi gaisuwar mutuwa Tsafe. Rana ta yi ta dukanta har ta koma launin zoɓo. Wannan sakaci shi ne alheri na farko da aka yi wa matar cikin shekara biyu.

Da murɗar ciki abin ya fara, jijjiga ta biyo baya. Wani mai kemis a Bungudu ya ce farfaɗiya ce, ya ba da 'yan fararen ƙwayoyi masu sa barci. Mijinta Arzika malamin firamare ne, mutum mai ƙa'ida. Bai taɓa bari ta tsallake ko ɗaya ba. In ciwo ya ƙaru, ya ƙara ƙwaya. Ita kuma ta haɗa da azumin Litinin da Alhamis, neman sauƙi. Yanzu ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

Likita Hafsatu ce ta hango kwalbar tana wucewa. Ta ɗaga ta, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa aka shigo da Juwairiyya da mijinta.

"Malam, me take sha?"

Arzika ya zazzage leda a tebur kamar mai nuna takardun shaida.

"Kullum?"

"Har ranar Salla, Likita."

Ta sauke numfashi. "Ciwo ne na gado, fofiriya sunansa; launin da rana ta ba fitsarin nan ne ya tona shi. Akwai aikin da hantarta ba ta iya ƙarasawa, sai guba ta taru. Wannan ƙwaya kuwa zaburar da hanta take yi. Tukunya na tafasa tana zuba, kuna ta iza wuta. Yunwar azumi ma icce ce."

Arzika ya dubi hannunsa, wanda ke miƙa ƙwayar safe da yamma.

"Za mu kwantar da ita, mu janye maganin a hankali. Ta ci abinci, ta sha kunu da sukari."

"Sukari? Tun daga Bungudu, ko allura ɗaya babu?"

"Malam," in ji Juwairiyya daga kan benci, muryarta can ƙasa, "ka huta haka nan."

Aka fara kiran la'asar, lokacin ƙwayar yamma. Hannunsa ya nufi ledar, ya tsaya. Sai ya zaro biro daga aljihu.

"To, Likita, sukarin. Cokali nawa, kuma ƙarfe nawa?"

Juwairiyya ta lumshe ido.