Sandar da Ta Faɗi

Shekara ashirin da biyu ni da Torleif, abokin aikina, muna kafa sandunan ƙarfe a tsaunin ƙanƙarar da ke bayan tashar bincikenmu a Svalbard. Mu huda rami, mu soka sanda, ƙarshen bazara mu dawo mu auna abin da ya narke.

Bana muka tarar da ta can ƙasa kwance cikin tsakuwa.

"Ragnhild, me zan rubuta?" in ji Torleif.

"Kai ma dai, tsoho! Auna tsakuwar mana."

Ya saɓa injin huda yana neman inda zai kafa sabuwa. Ya duba nan, ya duba can, ba ƙanƙara. Sai ya zauna a ƙasa, ya cire safar hannu. Wai zafi yake ji.