Hannun Kaka Doray

"Ke 'yar nan, shafa mini man kwakwar nan, hannuna ya bushe kamar kifin kasuwa," in ji Kaka Doray, numfashi na fita da ƙyar.

Leonor ta shafa mata. Kwana shida ke nan tana jinyar tsohuwar a ɗakin masu korona, cikin rigar roba da takunkumi da gilashin kare fuska, ko uwar da ta haife ta ba za ta shaida ta ba.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a garin Iloilo. Tun Leonor tana yarinya, ba ta fita sai ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a goshinta an sa mata albarka. Da annoba ta shigo, Kaka Doray ta maida hannun baya, ta ce a gaban 'yan unguwa, "Koma asibitinki, kada ki kwaso mana mutuwa!" Wata huɗu Leonor tana fita ba albarka, abin yana cin ranta.

Da safen nan likita ya girgiza kai. Leonor ta san sauran: ba limamin coci, ba zaman makoki, kafin rana ta faɗi an ƙona gawa. In hannun nan ya tafi, ya tafi ke nan.

"Norang," in ji tsohuwar, da sunan da ita kaɗai ke kiranta.

Kwalbar mai ta suɓuce.

"Kaka... yaushe kika gane ni?"

"Tun ranar farko. Wa ke tafiya kamar agwagwa in ba ke ba? Ni na koya miki tafiyar, ashe ban iya koyarwa ba."

"To me ya hana ki magana?"

"Kunya, 'yar nan. Wadda na kora ita ke goge mini jiki." Ta ja numfashi. "Matso. Ba na iya ɗaga hannun."

Leonor ta durƙusa, ta ɗauki hannun ta kai goshinta. Gilashi ya tare. Sai tsohuwar ta danna yatsunta a kan gilashin da wani ƙarfi da Allah kaɗai ya san inda ya fito.

"Allah ya yi miki albarka. Ya fitar da ke lafiya, ya maido ki lafiya."

Shekara tara Leonor tana wannan aiki, ta ga mutuwa iri-iri, ba ta taɓa jin ɗaki ya cika haka ba. Kafin tsakar rana rai ya yi halinsa.

A wajen cire kaya, doka ce komai ya shiga ruwan magani.

"Nor, yi sauri mana, gado na bakwai yana kira!" in ji abokiyar aikinta.

"Ina zuwa."

Ta cire gilashin, ta ɗaga shi saitin taga. Ga shatin yatsu huɗu na man kwakwa, rana tana ratsa su.