Kiyashi a Akurkin Sekar

Tun da aka haifi Sekar, gangunan uwarta Ratri suka koma wurin shanya. A kan babbar gangar ake jibge wankin jinjira, faifan tagullar da a da take jibga har kunne ya toshe kuwa, ƙananan safa ne ke rataye a bakinsa. In ta zo wucewa ta ɗakin baya takan ƙwanƙwasa fatar da yatsa, a hankali, kamar mai gaida marar lafiya.

Su biyu ne ƙungiyar tun farko, ita a ganga, mijinta Danang a jita da waƙa. Sun fara kiɗan rok a bayan motar kaya ranar bikin 'yancin kai a unguwarsu da ke birnin Solo. Daga nan suka bi gidajen biki, da taron masu babura, da buɗe shagon waya, duk inda za a ba su wutar lantarki da farantin shinkafa. Sunan ma Ibu Warsini, uwar Danang, ita ta raɗa musu ba da niyya ba. Ranar da ta fara jin suna gwaji, ta leƙo da ludayin romo a hannu ta ce, "Wannan kiɗa ne, ko ruwa ne ke dukan kwano mai yoyo?" Washegari Danang ya rubuta Seng Bocor a jikin babbar gangar, wato Kwano Mai Yoyo.

Bayan haihuwar, Danang ya ci gaba shi kaɗai da wata 'yar na'ura mai buga ganga. Na'urar ba ta san girman mutane ba. A wani ɗaurin aure kawun amarya ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ita kuwa ta ci gaba da dum-tas, dum-tas, Danang na ta lalube yana neman makashinta har aka shafa.

Sai ga mai wani gidan shan kofi a birnin Yogya ya aiko yana son su kowace Asabar, amma da sharaɗi. Ba ya son na'ura. Matar nan yake so, mai dukan ganga kamar gangar ta zagi iyayenta.

Ratri ta ji hannuwanta suna ƙaiƙayi. Amma abu biyu ta riga ta yanke tun tana ɗakin haihuwa: kunnen 'yarta ba zai kusanci lasifika ba, kuma ba za ta bar ta a hannun baƙuwa ba. Saura mutum ɗaya ke nan a duniya, wato surukarta, ga ta can tsaye a rumfar ƙofar gida tana zuba wa masu saye romon soto.

"Ni in yi raino, ku je ku fasa wa mutane kunne?" in ji Ibu Warsini. "Danang, ka zama uba. Ka aske wannan gashin, ka zo ka kama min tukunya."

"Ibu, ran Asabar ne kawai."

"Da ma haka yoyo yake farawa, ɗigo ɗaya." Ta goge hannu, ta dubi jikarta. "To, ga magana. Ranar taka ƙasa ta kusa, ranar da za a fara sa ƙafar jikata a ƙasa, a kife ta da akurki ta zaɓi abin da za ta zama. A bar yarinya ta yi hukunci. In ta ɗauki kayan sana'arku a cikin akurki, Asabar ɗina taku ce. In ta ɗauki wani abu, a sayar da gangunan nan, in samu wurin ajiye buhun shinkafa."

Kafin Ratri ta buɗe baki, Danang ya ce ya yarda. Ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin benci, amma magana ta riga ta fita.

"Mas, gangunana ka sa a caca?" Ratri ta ce wa mijinta da suka shiga ɗaki. "Me ya hana ka sa jitarka?"

"Dik, kwantar da hankalinki. Yarinyar da ta yi wata tara tana jin ganga daga ciki? Jini ba ya ƙarya."

"Yarinyar da jiya ta zaɓi silifas ɗinka a kan nono?"

Ranar ta zo da hantsi mai kyau. Maƙwabta suka cika tsakar gida, yara suka hau katanga suna jiran watsa kwabbai. Ratri ta riƙe Sekar ta hammata, ta taka ƙananan ƙafafun a kan wainar shinkafa guda bakwai masu launi daban-daban, ɗaya bayan ɗaya, yarinya na ƙyalƙyala dariya saboda danƙon da ke kama mata tafin ƙafa. Aka hawar da ita tsanin rake, aka sauko da ita. Sai aka zo kan akurki, sabon saƙi na gora da aka yi wa ado da furanni. A kan tabarmar da za a kifa shi an jera littafi, da alƙalami, da madubi, da abin awon ƙirji na wasa irin na likita, da tsohon ludayin katako na Ibu, da sandar ganga guda.

Aka zaunar da Sekar, aka kife akurkin. Kowa ya matso. Danang ya durƙusa a gefen sandar yana kaɗa yatsu ta ramin saƙar. Ibu ta tsuguna a gefen abin likita tana kiran, "Nduk, nan, nan, 'yar albarka."

Ratri ba ta kallon ko ɗaya daga cikinsu. Tabarmar take kallo, kamar yadda take kallon duk inda aka ajiye 'yarta. A nan ta ga layin kiyashi ya shigo ta ƙarƙashin akurki, ya rabu biyu kamar hanyar jirgin ƙasa. Rabi sun nufi sandar ganga, rabi sun nufi abin likita. Na gaba-gaba har sun fara hawa ɗan yatsan ƙafar Sekar.

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗage akurkin da hannu ɗaya, ta suri 'yarta da ɗayan, ta karkaɗe ƙafar, ta duba tsakanin yatsu, ta duba bayan gwiwa. Sai da ta tabbata babu cizo, sannan ta ɗauki sandar ta sansana.

"Madarar gwangwani," ta ce. "Mas?"

Danang ya shiga gyaran gashinsa.

Ta ɗauki abin likitan. Ya manne mata a yatsa. "Wannan kuma mazarƙwailar kwakwa ce. Irin ta kicin ɗinmu."

"Kai, kiyashin bana ba su da kunya," in ji Ibu Warsini, tana kallon sama.

Tsakar gida ta fashe da dariya. Pak Harjo mai gyaran babur, maƙwabcinsu, ya ce ai shi ya ga uwa da ɗa sun yi karo a ƙofar kicin da sassafe, kowa na ɓoye hannu a baya, kowa na tambayar ɗan'uwansa ya aka tashi.

Ratri ba ta yi dariya ba tukuna. Ta sa aka kawo ruwan zafi, ta wanke kayan ɗaya bayan ɗaya da kanta, ta shanya su a rana, ta canja tabarma. Mutane suka jira. Ta san tana wanke abin da zai iya cece mata ganguna ne, amma madarar da ta sha rana ba za ta shiga bakin 'yarta ba ko da gangunan duniya ne a kai.

Aka sake kife akurki. Sekar ta dubi sandar ganga, ta kau da kai. Ta ture abin likita da ƙafa. Ta rarrafa ta wuce littafi, ta damƙi ludayin kakarta da hannu biyu, ta cusa a baki.

Danang ya zauna daɓas a ƙasa.

"Alhamdulillahi!" Ibu ta tafa. "Ludayina! A cikin duk kayan nan, nawa ta sani. Ku gani, jama'a, kakarta take so!"

Ratri ta dubi surukarta, yadda fuskarta ta cika da haske, har idon ya kawo ruwa. Sai ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ta yi magana da murya mai taushi yadda kowa zai ji.

"Gaskiya ne, Ibu. Ba ta zaɓi uwarta ba, ba ta zaɓi ubanta ba, ke ta zaɓa. Ga shaidu cike da gida. To, yarinyar da ta nuna wurin wanda take so ta zauna, mu su wa da za mu hana ta? Ko da ran Asabar kawai."

Ibu ta waiwaya. Ta nemi mai taimako a cikin taron, ta tarar kowa na danne dariya.

"Ba haka muka yi da ku ba."

"Ba mu yi da mazarƙwaila ba ma, Ibu," in ji Pak Harjo.

A lokacin Sekar ta cire ludayin daga baki, ta maka wa gorar akurki, ta ji ƙarar ta yi mata daɗi, ta ƙara.

Ibu ta ɗage akurkin ta ɗauki jikarta ta rungume, da ludayin da komai. Ta daɗe tana sansanar kanta.

"Jirgin ƙasa za ku hau," ta ce a ƙarshe. "Ban yarda da babur ba. Iyayen mutum biyu a kan taya biyu, da ganga a baya, a hanyar Yogya? Wa zai riƙe min ita in wani abu ya faru?"

Sai a nan Ratri ta gane abin da ke cin tsohuwar tun farko. Ta ce, "Jirgi, Ibu. Na yi alkawari."

"Kuma ya aske gashin."

"Wannan ku daidaita tsakaninku."

Da la'asar Ratri ta kwashe safa daga kan faifan tagulla, ta mayar da wanki kan igiya. Ta leƙa ta taga, ta jira har Ibu ta kai ƙarshen layi da Sekar a saɓe, ta sha kwana wajen masallaci. Sannan ta rufe tagar, ta zauna, ta ɗauki sandunan. Ɗaya har yanzu tana ɗan ƙamshin madara.

"A hankali dai, Dik," in ji Danang, yana saƙala jita. "Kin daɗe ba ki taɓa ba."

Dukan farko ya kaɗo hoton aurensu daga bango.