Mu Ne Za Mu Saki Ruwan

Injiniya Barakatu ta danna maɓallin jiniya har yatsanta ya yi zafi, amma jiniya ko tari ba ta yi ba. Baba Cornelius, dattijon da ke murɗa ƙofofin dam ɗin Rafin Tsamiya, ya leƙo ta taga yana sharce zufa.

"Ranki ya daɗe, ai tun bazara ɓarayi suka yanke wayarta. Na faɗa a ofis, aka ce an ji."

Barakatu ta dubi ruwan dam ɗin. Kwana da kwanaki ana sheƙa ruwa can wajen Giwa, duk ya gangaro ya taru a nan yamma da Samaru, ga shi yanzu yana lasar jan layin da ke jikin bango. In ba a buɗe ƙofa yau ba, bangon ne zai buɗe kansa. In kuwa aka buɗe, ruwan zai bi rafi ta bayan Palladan ya sauka Muchia, inda masu haƙar yashi suka cika cikin rafin da jakunansu da tifofi, ga mata masu wanki da 'ya'yansu.

Wayarta ta yi ƙara. Manaja Ismail ne, daga Kaduna inda ya tafi taro.

"Ki ce wa Cornelius ya buɗe yanzu. Da yamma sai mu ba gidan rediyo sanarwa a yi hattara da ambaliya."

"Yallaɓai, da yamma ai sai dai sanarwar jana'iza. Akwai mutane a cikin rafi."

"Wa ya aike su? Ruwa na Allah ne, Barakatu. Kuma kada in ji kin ambaci dam ko kamfani a ko'ina, kin dai san halin lauyoyi."

Ya kashe. Ta juya ga dattijon ta ce, "Baba, bangon nan zai jure zuwa yaushe?"

"Zuwa kiran la'asar, in Allah ya so. Bayan nan ban yi miki alkawari ba."

"To kada ka taɓa ƙofar nan sai ka ji muryata. Ko Manaja ya kira."

Baba Cornelius ya tura wayarsa cikin aljihu. "Dama takan kurumce in ta ga dama."

Kamfani yana da motar shela, ba a ce ba shi da ita ba. Tana can bayan ofis a kan bulo, babu taya ko ɗaya, kaza ma ta yi ƙwai a kujerar direba. Barakatu ta yi tsaki, ta tattare zaninta ta haye acaɓa, ba ta ma san inda za ta nufa ba. Sai da suka iso bakin kasuwar Samaru ta ji wata murya tana tsaga hayaniya daga sama.

"Basir mai tsiro! Basir mai jini! Ciwon baya, sanyin ƙashi, kasalar maigida!"

Wa bai san muryar Shehu mai magani ba a Zariya? Tsohuwar fijo ce da shi, lasifika biyu ɗaure a kanta da igiyar roba, kwalabe cike da but. Barakatu ta sallami ɗan acaɓa, ta buɗe ƙofar motar ta zauna kamar ta gidansu.

Shehu ya rage murya. "Hajiya, na mata ne ko na maigida?"

"Na gari ne gaba ɗaya. Ja mota, Malam Shehu, zan yi maka bayani a hanya."

Kafin su wuce ƙofar jami'a ta gama faɗa masa komai. Shehu ya ce, "Innalillahi! Masu yashin Muchia? Ai rabinsu kwastomomina ne, ciwon baya ya gama da su. In ruwa ya kwashe su wa zan sayar wa?" Ya taka mota har kwalabe suka shiga kaɗe-kaɗe.

A bayan Palladan masu wankin mota ne kawai, suna kusa da gaɓa, ihu biyu ya ishe su. Muchia ce matsalar. Da suka tsaya a bakin gangare, Barakatu ta ga mutane birjik a ƙasa, wasu sun nutse cikin ramin yashi har ƙirji, yara suna wasa a ɗan ruwan da bai wuce idon sawu ba.

Shehu ya ɗauki abin magana ya saki murya. "Jama'a, ambaliya! Ambaliya na tafe! Kowa ya fito!" Ya maimaita da Turancin buroka saboda direbobin tifa.

Mutane suka ɗaga kai suka dubi sama. Rana tar, ko gajimare babu. Sai dariya ta ɓarke.

"Shehu, yau kuma maganin ambaliya ka kawo mana?"

"Cokali nawa ake sha?"

Suka koma kan sheburansu. Barakatu ta ji hawaye na neman zubo mata don takaici. Inuwa ta riga ta karkata, la'asar ba ta da nisa.

Wani ƙaƙƙarfan mutum ya hauro gangaren, yashi har gira. Shehu ya raɗa mata cewa Muntasir ne, shugaban masu yashi. Bara war haka ruwa ya tafi da ƙanin Muntasir da jakinsa a wannan wurin, rana tsaka, kamfani kuma ya ce ruwan sama ne. Barakatu ba ta fara aiki ba a lokacin, amma ta san abin da aka yi ranar, duk ofis an sani.

Muntasir ya ce, "Malam Shehu, ka daina tsorata mana mata. Mun san rafin nan. In babu hadari, babu ruwa."

Nan Barakatu ta gane. Muddin ana cewa ambaliya, sama za su yi ta kallo. Ta tuna gargaɗin Manaja, ta tuna wahalar da ta sha kafin ta sami aikin nan, tsoro ya kama ta sosai. Duk da haka ta fizge abin maganar daga hannun Shehu, ta taka taya ta hau kan bonet.

"Jama'a, ku daina kallon sama! Sunana Barakatu, ni ce injiniyar dam ɗin Rafin Tsamiya. Ba ruwan sama ba ne zai zo. Mu ne za mu saki ruwan! Dam ya cika, da an kira la'asar zan ba da umarni a buɗe ƙofa, ni da bakina. Ruwan zai shafe duk inda kuke tsaye. Don girman Allah ku fito, kada ku sa in ɗauki alhakin ranku!"

Shebura suka tsaya. Muntasir ya matso har jikin mota, idanunsa sun kaɗa.

"Bara fa?"

Abin maganar yana bakinta, duk rafin yana ji. Ta ce, "Bara ma dam aka buɗe. Ba a gaya muku ba."

Shehu ya lallaɓa ya kunna mota, don a ganinsa jifa ce za ta biyo baya. Muntasir ya dube ta. Sai ya juya ya fuskanci rafi, ya daka wata tsawa da ba ta buƙatar lasifika.

"Kowa ya fito! Ku bar yashin! Ku ɗauko yara!"

Kai, ranar an ga gudu. Mata suka suri 'ya'ya da jiƙaƙƙun kaya, samari suna kora jakuna da duka, tifofi suna gurnani suna haurowa. Shehu ya karɓi abin maganarsa ya shiga kiran mutane da sunayensu, ai ya san ciwon kowa. "Akinola mai tifa, bayan naka ya warke, yi gudu! Iya mai wanki, bar bahon nan, ba ya numfashi!"

Tifar Akinola ce ta kafe, cike da yashi, shi kuwa ya rantse ba zai bar motar maigidansa ba. Muntasir ya ce a zubar da lodin. Aka zubar, maza suka sa kafaɗa, Barakatu ma ta yar da takalmanta ta shiga cikinsu, taɓo har gwiwa. Tifa ta yi tari, ta yi tsalle, ta haye gaɓa. Mata suka rangaɗa guɗa, daidai lokacin da ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya.

Muntasir ya bi gaɓar yana tambaya, "Kowa ya ga nasa? Kowace ta ga ɗanta?" Aka amsa masa daga ko'ina. Ya ɗaga wa Barakatu hannu.

Ta kira. Bugu ɗaya Baba Cornelius ya ɗauka.

"Baba, buɗe."

Sai da aka idar da salla aka dawo bakin gangare sannan aka fara jin rugugi. Ruwa ya ɓullo ta kwana, ja jawur, ɗauke da itatuwa, ya haɗiye ramukan yashi da tulin da aka zubar, ya wuce da bahon Iya yana juya shi. Ba rai ko ɗaya a gabansa. Masu kabbara suna yi, masu kiran Yesu suna yi. Barakatu ta zauna daɓas a ƙasa, tana dariya tana kuka, daɗi ya cika ta har ba ta san wanne za ta tsayar ba.

Muntasir ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ita, yana kallon ruwan.

"Injiniya, za su kore ki."

"Wataƙila."

"Gobe ma za a sake?"

"Za a sake, har sai dam ya sauka."

Ya share fuska da bayan hannu. "To ko sun kore ki, ki zo ki faɗa mana. Ke za mu ji."

Ta ce, "Zan zo."