Ƙoƙon Massaoudou

Massaoudou mai fenti ne a Parakou. Tun da soja suka ce kowa ya zama "kamarad", wato abokin gwagwarmaya, aikinsa ke nan, rubuta taken juyin juya hali a bangon makarantu da jan fenti. Amma abin da ke cin ransa yana can Djougou. Tsufa ya rikita mahaifiyarsa, Inna Zouéra, har zuwansa na ƙarshe da "sannu baƙo" ta tarbe shi. Baƙo fa! Ɗan da ta goya a bayanta!

Sai ya nemi farar takarda da fentin ruwa irin na 'yan lekol, yaran makaranta, ya zana ɗan ƙoƙon da take zuba masa kunu yana yaro. Bai manta tsagar bakinsa da ta ɗinke da zare ba, haka ma baƙin hayaƙin da ke gindinsa. Ya hau mota, sai Djougou.

Ya tarar da ita a inuwa, ƙanwarsa Hindou tana wanke-wanke a gefe. Ya durƙusa ya miƙa mata takardar.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta juya takardar ta leƙa bayanta, ta sake juyo da ita.

"Ikon Allah! Ƙoƙon Massaoudou! Ga ɗinkina nan, wallahi hannuna ne. Kai, dubi kyau!"

Murna ta kama shi. "Inna, ai ni ne..."

"To wane ƙazami ya bar shi haka? Duk hayaƙi!"

Kafin ya ankara ta tsoma hannu a ruwan wanke-wanke, ta hau gurzar takardar yadda ta saba yi wa ƙwarya. Ina fentin ruwa ina ruwa! Rawaya ta bi baƙi, ɗinkin ya narke, komai ya dame.

Hindou ta saki salati. Massaoudou kuwa ya miƙa hannu, ya tsaya. Ya ƙwace ne, ko ya bar ta? An ci riba ne, ko an faɗi? Ta gane ƙoƙo, ta ambaci sunansa, ga shi kuma a gabanta tana masa kallon mai tallan goro.

Inna ta duba tafin hannunta, ta ɗaga bakin tabarma ta leƙa. Tsoro ya kama ta.

"Yanzun nan yana hannuna. Ina ya shiga?" Ta kamo rigarsa, ta rage murya. "Bawan Allah, ka rufa mini asiri, kada ka faɗa wa yaron nan. Ba ya shan kunu sai a ciki. Da yunwa zai wuni."

Massaoudou ya dafa hannunta.

"Ba zan faɗa masa ba, Inna."