Tabulon Mushe Ubaidullahi

Shekarar da aka turo Farida koyarwa a wata lakol, makarantar firamare ta Cadakori, ba ta daɗe ba ta lura da abin da ya hana ta sukuni: yaranta duk sun ɗauko rubutunta. Haruffa kamar kaji sun yi tono, wani ya kwanta gaba, wani ya jingina baya.

A ajin da ke kusa da nata akwai Mushe Ubaidullahi, wato Malam Ubaidullahi, dattijo mai shirin barin aiki. Wata safiya ta leƙa aron alli, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Rubutun da ke kan tabulonsa, babban allon ajin, duk ya karkata dama, gefe guda, kamar gero in iska ta bi ta kansa. Kowane harafi ya riƙe hannun ɗan'uwansa, babu wanda ya taka wani.

Daga ranar, in an tashi yara sai ta shige ajinsa kafin a goge, ta zauna kan benci tana kwaikwayo. Ran nan ya dawo ɗaukar hularsa, ya tarar da ita.

"Madam Farida, lafiya?"

"Baba, sata nake yi," ta ce, tana ɓoye kayenta, littafin da take kwaikwayon a ciki, saboda kunya.

Ya yi dariya, ya karɓa ya duba a natse. "Kina kallon haruffan, shi ya sa. Ki riƙa kallon filin da ke tsakaninsu. Kuma ki daina shaƙe alƙalamin nan, bai yi miki laifi ba."

Ya ɗauki alli ya ja layi guda a hankali. Ta zuba wa hannunsa ido. Ashe daga kafaɗa yake tafiya, yatsun rakiya kawai suke yi.

Ta sha wuya kafin hannunta ya saki. Sai da damina ta kama, sannan harafinta na "g" ya daina faɗuwa.

Ƙarshen shekara, lokacin rubuta sunayen yaran da suka yi fice, direkta ya miƙa wa Mushe Ubaidullahi takardun yabo kamar yadda aka saba. Dattijon ya raba su biyu, ya tura wa Farida rabi.

"Zauna nan kusa da ni, 'yata."

Suka rubuta har azahar. Da direkta ya zo tattarawa, ya juya takardun ya sake juyawa, ya tambaya wane ne ya rubuta wanne.