Taram ɗin Basta

Hoton yayana Ramiz ko ɗaya ba mu da shi. Gidanmu na unguwar Basta ya ƙone a shekarar da 'yan bindiga suka sauke shi daga mota a shingen hanya, tun ranar ko takalminsa ba a gani ba. Yaƙi ya ƙare, Beirut ta share hawayenta ta ci gaba da kasuwa, Mama kuwa ta fara ce mini fuskarsa na kuɓuce mata. Hancin take tunawa, idanun sun tafi. Ni ma haka, amma ban faɗa mata ba.

Sai ga Garabet mai gyaran kyamara ya aiko. Wai ya tono wani tsohon fim da babansa ya ɗauka a dandalin Burj, tun taram, jirgin ƙasan cikin gari, na ratsa titi da lantarki, kuma a ciki akwai wani kwandasta mai kunnuwa irin na gidanmu. Ramiz ya yanki tikiti a layin Basta kafin a tumɓuke dogon.

Muka je da hantsi. Garabet ya rufe tagogi, ya buɗe gwangwanin, warin tsami ya cika shagon.

"Umm Ramiz, fim ɗin nan ya tsufa, kuma ya fi ki rigima," ya ce. "Sharaɗi ɗaya: ba a tsayar da shi. Fitilar majigin nan wuta ce, in ya tsaya a gabanta ya narke."

Mama ta ce, "Kai dai kunna, sarkin surutu. Kofinka ma ruwa-ruwa ne."

Ya kunna. Ga Burj da itatuwan dabinonsa, ga masu jar dara, ga mai tallan burodin ka'ak ɗauke da faranti. Taram ya karyo kwana cike maƙil, mutane sun maƙale a matakala kamar ƙudaje a kan rake. Wani saurayi ya leƙo ta ƙofar baya da jakar fata a wuya, ya juyo, sai wata mota ta gifta. Shi ke nan.

"Ina yake?" in ji Mama.

"Ya wuce, Mama."

"Ya wuce ina? Ni ban ga kowa ba!"

Idonta ya yi yana, kafin ta tattaro ganinta an wuce wurin. Ni kaina hular saurayin kawai na kama. Garabet ya mayar da zaren fim ɗin baya yana gunaguni, gefensa na ɓarɓashewa a yatsunsa.

Ya dube ni ya ce, "Sau ɗaya ya rage masa, Nuhad. In ya tsira, in kai wa wani a kwafe muku. A kan takarda, ku rataye a bango."

"To mu haƙura sai an kwafe," na ce.

"Yaushe?" Mama ta tambaya.

"Bayan sallah, in Allah ya so," in ji Garabet.

"Ka ba ni takardar cewa zan kai bayan sallah? Kunna."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san matar da ta haife ni. Ta jawo kujera dab da majigin, wai a nan ta fi gani. Dabino, jar dara, mai ka'ak. Taram ya karyo kwana. Mama ta miƙa hannu ta damƙe faifan da ke juyawa.

"Mama, saki!"

Na kama wuyan hannunta ina ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ba ta iya buɗe kwalbar zaitun, ranar sai ka ce ƙarfe. Garabet na ihu da yarensu yana laluben makunni. Ƙauri ya tashi. Da na ɗaga kai, babu komai a bangon sai farin haske da baƙin gefe yana buɗewa.

Garabet ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Mama ta saki faifan, ta gyara mayafinta.

"Idon babanku ne da shi," ta ce. "Dariya yake yi. Maɓallin wuyansa ya cire, ban ɗinka masa ba. Kin gan shi, ko?"

Ban gan shi ba. Hannunta nake kallo.